Tsakar Gidan Goggo Taifis

Shagon yana tsakanin mai gyaran agogo da ɗakin sayar da magani, a layin da ke bayan tashar mota. A jikin ƙofarsa an rubuta cewa ana buga takardu, ana fotokwafi, ana ɗaukar hoton fasfo, amma ba wanda ke tsayawa karanta wannan rubutun. Mutanen unguwa cewa kawai suke yi za su wurin Goggo Taifis.

Ba ita ce mai shagon ba. Na ɗan yayanta ne, wanda kowa ke kira Manaja, har ita ma haka take kiransa idan tana son tsokanarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma da ya buɗe shagon ita ya fara ba wa tebur, can kusurwa kusa da taga, inda iskar fanka ke isa ba tare da ta kwashe takardu ba. Kafin nan ta yi shekaru tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin sufuri, har kamfanin ya rufe. Shi ya sa har yau take dukan madannan kwamfuta da ƙarfi kamar sun yi mata laifi. Mai gyaran agogo ya ce da jin wannan ƙarar yake sanin an buɗe kasuwa.

Duk wanda ya kawo mata aiki ya san tsarinta. Ba ta karɓar takarda ta ajiye a gefe. Za ta nuna maka kujerar roba ta ce, "Zauna ka karanto min, hannuna ya fi sauri idan kunne ne ke ba shi." Kana karantawa tana bugawa, fuskarta na kallon taga. Idan an gama sai ta juyo maka da allon ta ce, "Duba da idonka, takardarka ce, kada gobe ka ce Goggo ta cinye maka harafi." Mutane sun ɗauka salo ne irin na tsofaffin ma'aikata. Gaskiyar ita ce yanar ido ce ta fara rufe mata gani, ta hagu ta fi yawa, kuma ƙananan haruffa sun daɗe da komawa mata kamar jerin tururuwa. Ta je asibiti sau ɗaya, aka ce sai an yi aiki, ta ce za ta dawo, ba ta koma ba. Ba ta gaya wa kowa ba, domin ta san abin da Manaja zai ce. Ya sha faɗa ma tun ba a kai nan ba: "Goggo, ranar da aikin nan ya fara yi miki nauyi, ki zauna a gida ki huta, ai kin yi mana." Da zuciya ɗaya yake faɗa, kuma abin da take tsoro ke nan. Ta san wannan hutun. Ɗaki ne mai tsabta a bayan gidansa, yara sun tafi makaranta, matarsa na leƙowa lokaci-lokaci tana tambaya ko a kawo mata wani abu, ita kuma tana sauraren agogon bango.

Kwamfutarta tsohuwa ce, mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuma irin wadda duniya ta daɗe da bari ce. A fuskar allon akwai hoton tsakar gidan da aka haife ta, wanda Yaya, mahaifin Manaja, ya ɗauka kafin a sayar da gidan. Ga bishiyar mangwaro a dama, ga igiyar shanya ta ratsa tsakiya, ga rijiya, ga ƙofar fita, ga katanga, ga wata kujerar katako a inuwa. A kan wannan hoton take ajiye aikinta. Ba ta raɗa wa fayil suna. Duk sunan da na'ura ta ba shi, shi ke nan. Wuri take ba shi. Takardun neman aiki a kan igiyar shanya suke, a jere, domin a cewarta duk a rataye suke suna jira. Katunan gayyata a gindin mangwaro, inda ake taruwa. Sanarwar rasuwa da takardun godiya ga masu ta'aziyya a bakin ƙofa. Yarjejeniyar haya da ta fili a jikin katanga. Aikin ɗalibai kuwa a kewayen rijiya, domin ba a ganin ƙarshensa. Sabon aiki yana kusa da tsakiya, tsoho yana matsawa gefe. Ba ta iya karanta sunayen, amma tana ganin fararen tabo a kan hoton, hannunta kuma ya san hanya. Kafin mutum ya gama sallama ta buɗe masa takardarsa.

A gaban teburin akwai dogon benci na masu jira, kuma akwai mutum biyu da kullum suke kansa ko ba su da aikin bugawa. Ɗaya Malam ne, mai koyar da lissafi a sakandaren da ke ƙarshen layi. Ɗayan Mai Hoto ne, wanda ke amfani da ɗan ɗakin ciki wajen ɗaukar fasfo. Musunsu ɗaya ne kullum, ba ya tsufa.

"Ni fa na daina bautar kamfani," in ji Malam, yana shafa jakar kwamfutarsa. "Tawa manhajar ta jama'a ce, kyauta ce, mutanen kirki ne suka haɗu suka gina ta. Ba ta leƙen asirina, ba ta tsayar da ni tsakiyar aiki ta ce sai ta sabunta kanta."

"To me ya sa kullum kake kawo wa Goggo jarrabawa ta buga maka?" in ji Mai Hoto.

"Wannan matsalar firintar makaranta ce."

"Wancan watan ka kwana biyu kana neman yadda za ka sa ta yi sauti. Na gan ka kana rubuta mata wasu kalmomi a baƙin allo kamar mai roƙon aljani."

"Ilimi nake nema. Kai da ba ka san komai ba sai dannawa fa?"

"Ni ai mai tambarin tuffa ce na'ura. Sauran duk tarkace ne. Ka taɓa ganin kalar hoto a kanta? Kamar ka sa hannu ka ɗauko mutum."

"Kana da ita?"

"Na taɓa riƙe ta wani ango."

Sai a yi dariya, a juyo wurin Goggo a ce ta raba gardama. Amsarta ba ta canzawa. "Ni duk wadda ba ta taɓa min kayana, ita ce tawa. Wannan tsohuwar, inda na ajiye abu nan nake samunsa. Ku da naku ku je ku ƙarata."

Matsalar ta fara ne da firinta. Tsohuwar ta mutu murus, Manaja ya sayo sabuwa, sabuwar kuma ta ƙi jin yaren kwamfutar Goggo. Duk takardar da ta gama sai an kwafe ta a filashi an kai wa kwamfutar Manaja, sannan a fitar. Mutane suna ta jira, shi kuma yana ta kai da komowa. Injiniya, mai gyara musu na'urori, ya zo ya duba ya ce babu wata dabara, sai an ƙara wa akwatin ƙarfi an ɗora sabuwar manhaja. Goggo ta ce ba ta yarda ba. Manaja bai sake tayar da zancen ba, ta ɗauka magana ta wuce. Shi kuwa a ransa gata zai yi mata. A ranar da ba a buɗe shago, ya kira Injiniya suka yini suna aiki. Injiniya mutum ne mai tsantseni. Bai bar fayil ko ɗaya a baya ba, sai da ya tabbatar kowanne ya ƙaura lafiya.

Washegari da safe Goggo ta shigo, ta rataye mayafinta a ƙusa, ta goge tebur, ta danna maɓalli. Na'urar ta tashi da sauri fiye da yadda ta saba, da wani sauti da ba ta sani ba. Ta ɗaga kai. Babu mangwaro, babu igiya, babu rijiya. Allon shuɗi ne fes, fararen tabon kuma sun jeru layi-layi daga gefen hagu, kai ɗaya, kamar ɗalibai a filin taro.

"Goggo, kin ga abin arziki?" in ji Manaja daga wurin fotokwafi, bakinsa har kunne. "Yanzu kina dannawa takarda za ta fito. Kuma komai naki na nan, ko ɗaya bai ɓata ba."

Ta ce, "Na gani." Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, hannun ya tafi da kansa wajen rijiya, ya tarar da shuɗin fili.

Ba ta gama zama ba wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta shigo da sauri, jaka a kafaɗa. Makonni ke nan Goggo na buga mata aikinta na ƙarshe.

"Ina kwana, Goggo. Don Allah babi na huɗu, gyara kaɗan ne. Malaminmu ya ce idan ban kai masa da rana ba, sai wani zangon."

"Zauna, 'yata."

Jiya-jiya aikin yarinyar yana bakin rijiya ta gefen guga. Yau Goggo ta buɗe fayil na farko, ta juya allon. "Wannan ne?"

"A'a, Goggo, wannan katin gayyata ne."

Ta buɗe wani.

"Wannan na masu haya ne."

Ta buɗe na uku, sanarwar rasuwa ce. Yarinyar ta duba agogon wayarta. Goggo ta matso da fuskarta jikin allon har numfashinta ya dusashe gilashin, ta runtse idon hagu, ko za ta kama lambar da ke ƙarƙashin tabon. Tururuwan suka ƙi tsayawa. A haka Manaja ya juyo ya gan ta. Ya zo ya tsaya a bayanta, ya tambayi ɗalibar wata kalma da ke cikin babin, ya rubuta ta a wani ɗan akwati da ke ƙasan allon, nan take fayil ɗin ya fito. Ya yi gyaran a tsaye da yatsu biyu, firinta ta tofo takardun, yarinyar ta yi godiya ta fita da gudu.

Sannan ya sunkuyo, ya rage murya. "Goggo, yau ki je gida ki ɗan huta. Ni zan riƙe teburin."

Ta dube shi. Fuskar Yaya ce sak, har da yadda yake tattare gira idan yana jin tausayi. Ta tashi daga kujerar, amma ba ta ɗauki mayafinta ba. Ta zagaya ta zauna a benci, a wurin masu jira, inda ba ta taɓa zama ba tun da aka buɗe shagon. Daga nan ta ga teburinta yadda mutane ke ganinsa: ƙarami ne ashe, fentin gefensa ya goge daidai inda take ɗora gwiwar hannu.

Malam da Mai Hoto suka iso, suka ji labari, musu ya tashi.

"Ai na faɗa," in ji Malam. "Da tawa aka ɗora mata, da ba a yi haka ba. Ita ba ta yi wa mutum shisshigi."

"Da taka aka ɗora, da yanzu muna neman inda ake kunna ta," in ji Mai Hoto. "Mai tuffa ce kawai ta san darajar tsofaffi."

"Wane ne tsoho?" in ji Goggo.

Ba ta jira amsarsu ba. Ta juya wajen Manaja. "Kira min Injiniya."

Da hantsi Injiniya ya iso da jakarsa, yana share gumi, ya durƙusa ya gaishe ta. "Mama, an ce akwai matsala? Wallahi na ƙirga komai, babu abin da ya salwanta."

"Ban ce ka sace min komai ba, ɗana. Ka shiga ɗakina ne ka yi min shara, ka kwashe tukwane da takalma da magani ka zuba a buhu ɗaya, ka ce komai na nan. Ina hotona?"

"Wane hoto, Mama?"

"Tsakar gidanmu."

"Au, wannan na bango? Yana nan. Na ga ya tsufa ne, ya dushe, na ce wannan shuɗin ya fi haske." Ya dubi jerin fayilolin, ya sosa ƙeya. "Amma Mama, me ya sa ba ki sa musu suna ba? Duk sunansu ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta su."

"Kai cokulan gidanku suna ka raɗa musu? Ba inda suke ka sani ba?"

Mai Hoto ya tuntsire da dariya. Goggo ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta ce, a gaban kowa, da muryar da take karanta wa mutum adireshi: "Ko na sa musu suna ba zan iya karantawa ba. Idona ya yi yana. Manyan abubuwa nake gani, da wuri, da kala. Wannan ɗan akwatin neman da Manaja ya yi amfani da shi, abin kirki ne, amma amsar da yake bayarwa ƙanana ce, ba tawa ba ce. Hannuna lafiyarsa ƙalau, kunnena ma haka. Ka mayar min da gidana, in ga ko zan iya."

Manaja ya sunkuyar da kai yana jujjuya abin huda takarda a hannunsa.

Injiniya ya ja kujera. Ya nemo hoton ya shimfiɗa shi a allon, mangwaro ya dawo, igiya ta dawo. Goggo ta koma mazauninta, ta kama fayil ɗaya ta ja shi zuwa rijiya, ta saki. Ya yi tsalle ya koma layi.

"Ka gani? Soja ce wannan na'urar, kowa sai ya bi sahu."

"A'a, Mama, umarni ne aka ba ta, ana cire shi." Ya danna wani wuri. "Sake gwadawa."

Ta sake ja. Ya zauna a bakin rijiya, bai motsa ba.

"Saura sanin wane ne wane," in ji ta.

Injiniya ya yi ɗan tunani, sannan ya riƙe wani maɓalli ya murza linzamin. Fararen tabon suka kumbura, suka yi girma, kowanne ya koma ɗan hoton shafinsa na farko. Goggo ta ja baya kaɗan. Ba ta iya karanta kalma ko ɗaya, amma ta san surar aikinta kamar yadda ake gane mutum daga tafiyarsa. Mai ado a gefe da rubutu a tsakiya, katin gayyata ne. Mai adireshi a kusurwar dama da gajeren jiki, neman aiki ne. Mai layuka biyu na sa hannu a ƙasa, yarjejeniya ce. Mai baƙin zane kewaye da hoto, wannan na bakin ƙofa ne.

"Tsohuwar tana iya wannan?" ta tambaya.

"Ba kamar haka ba, Mama. Kuma akwai madubin ƙara girma, duk inda kika kai linzami zai faɗaɗa miki rubutun. Har karanta miki za ta iya yi da murya."

"Muryar ta bari tukuna. Masu surutu sun ishe ni a benci."

Ba a gama a ranar ba, ba a kuma gama washegari ba. Surar takarda tana gaya mata irinta, amma ba ta gaya mata mai ita. Don haka duk wanda ya shigo, sai ta buɗe masa na irin aikinsa ya nuna nasa, ita kuma ta ja shi ta kai shi inda yake a da. Malam ya karɓi aikin karanto layin farko na waɗanda masu su ba su zo ba, yana yi yana cewa tasa manhajar ma tana da madubin, har ya fi wannan kyau. Wasu fayilolin ba a gano masu su ba. Ta tara su a bayan mangwaro ta ce su jira. Manyan hotunan sun cika tsakar gidan fiye da da, dole ta kwashe tsofaffin ayyuka ta zuba a folda guda, wadda ta ajiye a jikin katanga ta kira ta rumbu. Wasu maɓallan ma sun canza wuri a manhajar rubutu, hannunta ya yi ta tuntuɓe kwana da kwanaki, tana yi tana tsaki. Manaja bai sake cewa ta je gida ba, bai kuma ce ta zauna ba. Yana dai kallo daga wurin fotokwafi.

Wata ranar da yamma, ana shirin rufewa, ɗalibar nan ta dawo da babi na biyar. Kafin ta sauke jaka, aikinta na buɗe. Ta karanta, Goggo ta buga, fuska na kallon taga, firinta ta fitar ba tare da kowa ya tashi da filashi ba. Da yarinyar ta tafi, Manaja ya jawo kujerar roba ya zauna a gefen goggonsa.

"Na daɗe da sani fa, Goggo," ya ce. "Tun ranar da kika gaida rigar Mai Hoto da ke rataye a ƙofa."

"Rigar ta fi shi amsa gaisuwa."

Ya yi dariya, sannan ya natsu. "Teburin naki ne, ba zan sake maganar ba. Amma za mu je asibiti, ni zan kai ki. Idan an yi aikin kika warke, ki dawo ki same shi yadda kika bar shi. Ba wanda zai taɓa."

"Har Injiniya?"

"Shi ne ma na farko."

Ta goge madannai da gefen zaninta. "To, a sa rana. Amma ba ranar da ɗalibai ke kawo aiki ba."

Mai Hoto ya leƙo daga ɗakin ciki. "Goggo, yanzu dai a raba gardama. Tsohuwa ko sabuwa?"

"Tsohuwar ba ta taɓa min kaya ba. Sabuwar ta taɓa, amma ta ba ni haƙuri. Muna dai zaune."

Manaja yana duban allon. Igiya cike take, gindin mangwaro cike, rijiya an kewaye ta. Wuri ɗaya ne kawai babu komai a kansa, ya nuna da yatsa.

"Goggo, wannan kujerar fa? Ga wuri a inuwa, ba ki taɓa ajiye komai a kanta ba."

"Tawa ce," ta ce. "Nan zan zauna idan na gaji."

Ta kashe na'urar, ta miƙa hannu ta ɗauko mayafinta daga ƙusa. "Gobe ka zo da wuri, Manaja. Mai gyaran agogo ya ce jiya mun makara."